FILIN MANOMA: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Yau zan ajiye maganar taki da iri, in taɓo wata magana wadda na san da yawanku ba ku son jinta, watau maganar haraji. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, wanda a ke karanta wa kuma ya saurara, sa'an nan ku yanke mini hukunci.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ran kasuwar da ta wuce ina tsaye wajen 'yan hatsi ina duba wake, sai wani dattijo daga cikin manoman da na ke zagayawa ya yafuto ni. Ya zaro 'yan takardu uku daga aljihu, ya ce, "Malam, karanta mini waɗannan." Na duba. Ɗaya ta shiga kasuwa ce, ɗaya ta sauke kaya, ta ukun kuwa ko hatimi babu a jikinta, balle sunan wanda ya karɓa. Duk a kan buhu biyu na wake. Na gaya masa abin da na gani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, kai da ka yi makarantar gona, gaya mini. Ba an ce ƙasar nan tana da fetur ba? Me su ke nema kuma a aljihun talaka?"

Na ce, "Baba, tambayarka ta fi ƙarfin tsayuwar kasuwa. Ka ba ni mako guda." To, ga amsata, gare shi da ire-irensa. A ganina ƙasar da ta dogara ga fetur ta bar harajin aikin hannun mutanenta ba za ta yi arziki mai ɗorewa ba, manomi kuwa shi ne farkon wanda zai sha wuya. Amma fa akwai harajin da ke raya ƙasa, akwai mai kashe ta, kuma wajibi ne mu san bambancinsu.

ZAMANIN GYAƊA DA AUDUGA

Ni ban ga zamanin dalar gyaɗa ba, an haife ni bayan ta daɗe da rushewa. Abin da na sani na ji daga bakin iyaye, na kuma karanta a makaranta. Har yanzu akwai wani ɗan gwangwani a ɗakin mahaifina, cike da takardun harajin kakana, kowace shekara da tata. Tsohon ya adana su kamar takardar gona, domin a wancan zamani wanda ba ya da takardar haraji ba ya tafiya da kwanciyar rai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga su ke fata, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga 1912 suka dinga tura ta tasha. Daga baya aka kai dogo Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, duk don a kwaso amfanin gona. Kafin a kai ga samun mulkin kai a 1960, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga su ne ƙashin bayan Jihar Arewa, kamar yadda koko ya ke a Yamma, manja da ƙwara kuma a Gabas. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitad da gyaɗa a duniya duka.

Kuɗin Gwamnati ta hanya uku su ke shigowa daga wurin talaka. Akwai haraji, wanda kowane baligi ke biya ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Akwai jangali a kan shanu. Akwai kuma abin da a ke cirewa daga kuɗin gyaɗa da auduga kafin su iso hannun manomi, watau kuɗin fito da rarar da Hukumar Ciniki ke riƙewa. An kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, a 1954 kuma kowace Jiha ta sami tata hukumar. Haraji da jangali baitulmalin En'e su ke shiga, En'e ta riƙe kasonta, Gwamnati ta ɗauki nata.

Me aka yi da kuɗin? En'e ta Kano da kuɗin baitulmalinta ta jawo wa birni ruwan famfo da lantarki daga Challawa a farkon shekarun 1930. Da irin kuɗin nan a ke riƙe da makarantun elemantare da ɗakunan shan magani da rijiyoyin ƙauye da hanyoyin rani. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, da kuɗin manoman auduga da gyaɗa aka haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka kafa ta. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, Gwamnatin da ta gina ta ba ta da rijiyar mai ko ɗaya.

Ga abin da na fi so ku lura da shi. Tun da ya ke cikin Gwamnati a gonar manomi ya ke, dole ta kula da gonar. Shi ya sa aka kafa wurin bincike a Samaru tun 1922, a na gwada iri, a na horad da malaman gona. Shi ya sa a ke raba irin auduga kyauta kowace shekara, a ke koya wa mutane noma da shanu, a ke tsayawa a kan sikeli a duba gyaɗa ko ta bushe ko an ɓare ta da kyau. Shi ya sa aka kafa wurin binciken ciwon dabbobi a Vom a 1924, a na bin rugage a na yi wa shanu allurar bushiya. Ba tsabar ƙaunar Bafilatani ce ta kawo haka ba. Saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali. In damina ta yi gardama, Gwamna a Kaduna ba ya barci, domin ya san kasafin kuɗinsa na baɗi a ƙarƙashin ƙasa ya ke tare da gyaɗa.

BA NA YABON ZALUNCI

Kada wani dattijo ya ce yaron nan bai san abin da ya ke faɗi ba. Na sani. An ɗaure mutane a rana saboda haraji. An sayad da akuyar gida da hatsin ci a tsakiyar kaka da araha don a biya. An rubuta wa matattu da yara haraji, an karɓi na mutum ɗaya sau biyu. Magidanta sun bar garuruwansu da dare sun tafi cin rani ba don suna so ba. Fulani sun kwana a daji suna ɓoye shanu daga masu ƙidaya. Harajin kai kuwa babu adalci a cikinsa tun daga tushe, domin mai gona ɗaya da mai gona goma kusan abu ɗaya su ke biya.

Hukumar Ciniki ma ta wuce gona da iri. An kafa ta ne don ta tara rara a shekarar da kasuwa ta yi kyau, ta tallafi manomi a shekarar da ta faɗi. Amma masana da suka bi lissafin daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960 sun tarar wajen rubu'in abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu ba ya isowa hannunsa. Watau cikin kowane buhu huɗu, ɗaya na hukuma ne. Kuɗin kuma yawancinsu birni aka gina da su.

Saboda haka da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki baki ɗaya. Ni ba na kiran a komo da ko ɗaya daga cikinsu yadda su ke a da. Abin da na ke cewa shi ne, da aka tsinke igiyar da ke shaƙe manomi, ashe ita ce kuma igiyar da ta ɗaure Gwamnati a bakin gonarsa. Ba a saƙa wata a madadinta ba.

DA FETUR YA ZO

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitad da shi a 1958. Da fari bai taka kara ya karya ba. Sai a 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, kuɗin ganga ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka yi ta kwararowa. A daidai wannan lokaci kuma Arewa ta sha farin 1973, a 1975 darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Da a zamanin da ne, da Gwamnati ta tashi tsaye haiƙan, don abincinta ne ya ƙone. Amma a lokacin fetur ya riga ya kai fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samu daga waje. Dalar gyaɗa ta tafi, dalar Amurka ta zo, ba wanda ya yi makoki sai manomi.

Kada in yi rashin adalci. Da kuɗin mai aka gina madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, kuma ga ta nan har gobe tana shayad da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura. An shimfiɗa manyan hanyoyi, an buɗe makarantu, an sayad da takin zamani da rangwame. Amma fetur ya yi wa noma illa ta hanyoyi uku.

Ta farko, ya ƙarfafa naira fiye da kima. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Jin haka da daɗi, amma ma'anarsa ita ce shinkafa da alkama da man girki na ƙasashen waje sun fi namu araha a kasuwarmu, kayanmu kuma sun yi wa masu saye na waje tsada. Samari suka ajiye fartanya suka nufi birni.

Ta biyu, ya mai da Jihohi da Ƙananan Hukumomi 'yan jiran rabo. Kowane wata a taru a raba, kowa ya ɗauki nasa ya koma gida. Shugaban da ya san kasonsa na zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba, me zai kai shi duba kwalbatin da ta karye a ƙauyenku? Ni kaina ina da ƙauyukan da aka ɗora mini waɗanda ko wata biyu na yi ina zagaye ba zan gama su ba, kuma sau da yawa daga albashina na ke zuba wa babur mai. A da an ce kowace gunduma da malaman gonarta.

Ta uku, kuɗin mai ba su da alkawari, domin ba mu ke yanka musu farashi ba. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. A 2015 Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi wata da watanni, sai da Gwamnatin Tarayya ta ba su rance. A 2016 tattalin arzikin ƙasa ya ja da baya, a 2020 kuma aka sake. Ku 'yan kasuwa kun tuna yadda littafin bashinku ya cika da sunayen ma'aikata. Ma'aikaci bai sami albashi ba, mai kanti bai yi ciniki ba, manomi ya kai hatsi kasuwa ya komo da abinsa. Mai cin tuwon maƙwabci ba shi ke sa lokacin cin abinci ba.

YADDA HARAJI KE RAYA ƘASA

Akwai abubuwan da manomi ɗaya ba ya iya yi wa kansa kome ƙoƙarinsa. Ba ya iya gina gada. Ba ya iya shekara goma yana gwajin irin gero mai jure fari. Ba ya iya yi wa shanun gunduma duka allura, ba ya iya tsare hanya daga 'yan fashi. Waɗannan sai an yi karo-karo, kuma haraji na gaskiya karo-karo ne wanda doka ta tsara.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce wata gunduma tana fitad da buhu 50,000 na hatsi a shekara. Hanyarta ta lalace, babbar mota ba ta shiga, sai a yi ta jigila da babur da amalanke zuwa bakin titi, har kowane buhu ya ci ƙarin naira 1,000. Wannan ƙari ba daga aljihun ɗan kasuwa ya ke fita ba, daga farashin da zai ba manomi ya ke cirewa. Watau gundumar na hasarar naira miliyan 50 kowace shekara, ba wanda ya ci, rami ne ya haɗiye. To, a ce an yanka naira 200 a kan kowane buhu, sau ɗaya tak, da rasiɗi. An tara naira miliyan 10 ke nan. A ce kuma an zuba su a gyaran kwalbati da cike ramuka kowace shekara har mota ta riƙa shiga. Manomi ya ba da 200 ya tsira da 1,000. Da ya ga riba sai ya ƙara faɗin gona, ya sayi taki, ya ɗauki 'yan ƙwadago. Baɗi buhunan su ƙaru, kuɗin da a ke tarawa su ƙaru, har a kai ga gina sito da rumfunan kasuwa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Abin da masana ke nufi ke nan in sun ce haraji na haɓaka tattalin arziki.

Harajin da ba na mai ba yana da wata fa'ida kuma, ba ya faɗuwa dare ɗaya. Yana fitowa ne daga wurare dubu: albashin ma'aikaci, ribar kamfani, kuɗin kwastan, cinikin kanti. In wannan ya yi rauni wancan ya riƙe. Gwamnatin da ta san abin da za ta samu baɗi da baɗin baɗaɗa tana iya fara aikin shekara biyar ta gama shi. Dubi yawan ayyukan da aka fara da mai yana tsada, aka yashe su da ya faɗi.

Fa'ida ta uku ita ce babba a wurina. Wanda ya biya yana da bakin tambaya. Kuɗin mai kamar tsintuwa su ke a idon talaka, in an ce an sace biliyan kaza sai ya girgiza kai ya wuce, domin bai ji fitarsu daga jikinsa ba. Amma taɓa naira 200 da ya ƙirga da hannunsa ya bayar, ka ga yadda zai bi sawunsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Hukumar da ke ci daga hannunka dole ta saurare ka.

To, yaya mu ke a wannan fanni? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a 2021 dukan harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin 100 na abin da ƙasa ta samar a shekarar ba. Masana na Bankin Duniya su kan ce ƙasa mai tasowa tana bukatar wajen kashi 15 kafin ta iya riƙe makaranta da asibiti da hanya yadda ya kamata. Abin da ya rage sai a ci bashi, bashi kuwa 'ya'yanmu za su biya da ruwa.

HARAJIN DA KE KASHE ƘASA

Yanzu mu komo ga takardun dattijon nan uku. Wannan shi ne irin harajin da ke kashe ƙasa. Ku tambayi duk direban da ke ɗaukar albasa daga Aliero, ko shanu daga Maigatari ko Potiskum, ko hatsi daga Dawanau zuwa Ikko ko Fatakwal, ya gaya muku shinge nawa ya ke tsayawa. Wannan ya ce kuɗin amfanin gona, wancan ya ce na duba dabbobi, na gaba ya ce na takardar mota, wani ma sanda kawai gare shi da ƙusoshi a jikin katako. Tun a 1998 aka yi dokar da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma shingayen ba su san an yi ba. Tumatir na ruɓewa a mota a na ciniki da mai sanda. Kome aka karɓa a hanya, manomi ya biya rabi ta wajen karyewar farashi, mai ci a birni ya biya rabi ta wajen tsada, baitulmali kuwa ko ƙamshinsu bai ji ba.

Saboda haka wanda ya ce manomi ba ya biyan haraji bai san ƙauye ba. Yana biya a shinge, yana biya a kasuwa. Yana kuma biyan harajin sayen kaya da a ke kira VAT, wanda aka fara a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka mai da shi kashi 7 da rabi a 2020. Duk sa'ad da ya sayi katin waya ko siminti ko kwanon rufi ya biya. Babur ɗinsa ma an biya masa kuɗin kwastan, kuma a cikin farashi aka ɗora masa. Illa dai yana biya cikin duhu, bai san nawa ba, bai san wa zai tambaya ba.

Alamun haraji na gari huɗu ne. Ya zama mai sauƙi, kada ya ci uwar kuɗi. Ya zama sau ɗaya, a wuri ɗaya. Ya zama gwargwadon ƙarfin mutum, mai tirela goma kada ya biya daidai da mai jaki. Sa'an nan a ga aikinsa da ido. Mai tatsar saniya ya kan bar wa maraƙi nasa, ya kuma ba uwar dusa. Wanda ya tatse har jini, baɗi ba shi da nono ba shi da saniya.

SABABBIN DOKOKI

A ran 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka sa 1 ga Janairu 2026 ta zama ranar fara aiki da manyan tanade-tanadensu. A ciki an ce wanda abin da ya ke samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu harajin samu a kansa. An ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin riba. An bar VAT a kan kashi 7 da rabi, ba a kuma ɗora shi a kan abincin yau da kullum ba. A takarda wannan hanya ce mai kyau, watau a sassauta wa ƙarami, a bi babba wanda ya saba zillewa. Amma mu manoma mun san iri mai kyau a cikin buhu bai zama hatsi ba tukuna. Ranar da direba ya tashi daga Dawanau ya isa Ikko da takarda ɗaya, ranar zan ce an yi gyara.

Na san abin da wasunku za su ce: "Malam, ko mun biya sacewa za su yi." Ban ce ba a sata ba. Amma shekara hamsin ke nan muna cewa ba ruwanmu da kuɗin Gwamnati, satar ta ragu? Ɓarawo ya fi sakewa a gidan da mai shi ya ce kayan ba nasa ba ne. Wasu kuma za su ce talaka ba shi da abin bayarwa a wannan tsadar rayuwa, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a ƙara masa ko kwabo ba. Cewa na yi abin da a ke karɓa a hannunsa ta ƙofa goma a mai da shi ƙofa ɗaya, a rage shi, a rubuta, a kuma nuna masa abin da aka yi da shi.

Ita ma Gwamnati akwai alkawari a wuyanta. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinta don aikin gona. Kasafin Tarayyarmu yawancin shekaru ko kusa bai yi ba. Wanda ke son manomi ya cika nasa, shi ma ya cika nasa.

SHAWARATA

Gare ku manoma: kome ƙanƙantar abin da aka karɓa a hannunku ku nemi rasiɗi mai hatimi da lamba, ku adana shi kamar yadda kakanninmu suka yi. Ku shiga ƙungiya, domin ba a jin muryar mutum ɗaya. In kaka ta yi ku haɗa rasiɗanku ku ƙirga, ku aiki dattawanku wurin kansila da shugaban Ƙaramar Hukuma cikin ladabi, su ce ga abin da garinmu ya biya bana, ga kwalbatin da mu ke so. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka kuna da hujjar tambaya.

Gare ku 'yan kasuwa: ku riƙa rubuta ciniki, shiga da fita. Wanda ba shi da littafi, abin da mai karɓa ya ga dama shi zai yanka masa, banki kuma ba ya ba shi rance. Masu fitad da riɗi da zoɓo da citta waje sun riga sun ga amfanin wannan. Shugabannin kasuwa su nemi a kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta kuɗin kowane kaya da Hausa, boko da ajami, kowa ya gani.

Gare ku 'yan'uwana ma'aikata, akawuna da malaman kuɗi: mu ne a ke cire wa haraji tun albashi bai iso hannu ba, mu ne kuma a ke ba littafin rasiɗi mu karɓa. Wanda ya buga rasiɗin ƙarya ya sani hanyar ƙauyensu ya ke ci, kuma wata rana a kanta za a ɗauko mahaifiyarsa zuwa asibiti. Mu ji tsoron Allah.

Baba mai wake, ga amsarka. Takardarka ta uku, marar hatimi, zalunci ce, kada ka sake biyan irinta ba tare da ka kai ƙara wurin sarkin kasuwa ba. Biyun farko kuwa ka riƙe su da kyau, su ne ke ba ka ikon tsayawa gaban hukuma ka ce ina aikina. Fetur na iya ƙarewa, ko duniya ta rage sayensa tun bai ƙare ba, gonarka kuwa tana nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kafin in rufe, tun da ya ke kaka ta kama, kada a zuba wake ko masara a buhu sai sun bushe ƙayau. A share rumbu a liƙe tsaguwa kafin a zuba sabon hatsi, kada kuma a haɗa shi da tsoho. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan ajiyar wake ba tare da zuba masa guba ba.

Allah ya ba mu albarkar noma, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.

Naku,
Malamin Gona